Ƙirga haƙoran giyarka tukuna: keken tsere, iskar hunturu da hawan tudu

Ranar Asabar bayan La'asar wani ƙanen abokina ya turo mani kekenshi har ƙofar gida, keken tsere ɗan Kwatano mai siririn taya da lanƙwasasshen kai, bai fi wata biyu da sayo shi daga Kano ba. Yace Yaya don Allah duba mani keken nan, in na ɗau hanyar Daura kafin in kai Kayauki sai in ji kamar ana soka mani allura a ƙoƙon gwiwa, kuma wai cewa aka yi keken gudu ne amma ni ban ga gudun ba. Na durƙusa na duba. Sarƙa na bisa babban farantin gaba, a baya kuma tana kan ɗan ƙarami na biyu daga ƙarshe. Ƙaramin farantin gaba kuwa ƙal yake, ko ɗigon baƙin mai babu a haƙoranshi, alamar tunda ya sayi keken sarƙa bata taɓa sauka nan ba. Nace mi ya hana ka amfani da wannan? Yace Yaya ai wannan na raggaye ne.

Ban ga laifinshi ba, don haka muka taso. Kekunan iyayenmu, su Phoenix da Raleigh, giya ɗaya gare su, in hanya ta yi nauyi ba abin da zaka yi sai ka miƙe tsaye ka danna, don haka a idonmu wanda ya iya keke shi ne mai ƙarfin danna feda. Keken tsere ba haka aka gina shi ba, kuma in baka gane lissafin da ke cikin haƙoran nan ba zaka ta wahala a banza, ko ka je ka kashe kuɗi wurin canza abin da bai buƙatar canji.

Lissafin ba wuya. Ka ƙirga haƙoran farantin gaba da sarƙa take kai, ka ƙirga na wanda take kai a baya, ka raba na gaba da na baya. Abin da ya fito shi ne sau nawa tayar baya zata juya in ka zagaya feda sau ɗaya. Yawanci ma ba sai ka ƙirga ba, an buga lambar a jikin ƙarfen, goge dauɗar da tsumma kawai zaka gani. Tayar keken tsere, wadda ake rubuta 700x25 a gefenta, in ta juya sau ɗaya tana cin ƙasa kusan mita 2.1. Toh na yaron nan 53 ne a gaba, 13 a baya. In ka raba zaka samu 4 da ɗan ɗoriya, ka ninka da 2.1, kenan duk zagayen feda ɗaya sai ya tura kanshi da kekenshi mita 8 da rabi. Na taɓa ƙirga na tsohon Phoenix ɗin mahaifinmu, 46 a gaba 18 a baya, da babbar tayar nan tashi yana bada kusan mita 5 da rabi. Kaga ashe yaron nan kullum yana tuƙa giyar da ta fi ta Phoenix nauyi sau ɗaya da rabi, kuma da ita yake tashi daga tsaye, da ita yake fuskantar iska. Ina gwiwa zata ɗauka.

Abin da mutane basu cika lura da shi ba shi ne gudu abu biyu ne suka haɗu, nisan da giya ke baka a zagaye ɗaya, da kuma sau nawa ƙafarka ke zagayawa a minti. Masu keken tsere da suka daɗe a harkar yawanci juyi 80 zuwa 90 suke yi a minti in suna kan shimfiɗaɗɗiyar hanya. Gwada naka, ka ƙirga sau nawa gwiwar dama ke tasowa cikin daƙiƙa 15 ka ninka da 4. Wanda ya saba da keken giya ɗaya zai samu kanshi wajen 55 ko 60. Yaron nan a gudun kilomita 25 a awa da giyarshi ta 53 da 13, juyi 49 yake yi, in iska ta danne shi zuwa kilomita 20 sai ya koma 39, wato kowane taku kamar mai hawa bene da buhun gero a ka. Aikin da za a yi ɗaya ne, sai dai ko ka raba shi gida 85 ƙanana ko ka raba shi gida 45 manya. In ka raba ƙanana, zuciya da huhu ne ke ɗaukar mafi yawan wahalar, su kuma suna farfaɗowa da wuri, ka ɗan sassauta minti biyu numfashi ya dawo. In ka raba manya, naman cinya da gaɓar gwiwa ne ke sha, su kuwa in sun gaji sun gaji kenan sai gobe ko jibi. Amma dai in faɗi gaskiya ba giya kaɗai ke kawo ciwon gwiwa ba, sirdin da ya yi ƙasa da yawa ma yana kawowa, shi ma sai da na ɗaga mashi nashi kamar yatsa biyu.

Yanzu ga inda nake ganin shawarar da ake karantowa a intanet bata cika dacewa da mu ba. Yawancin masu rubutun nan a ƙasashen tsaunuka suke zaune, maganarsu duk ta hawa ce. Mu Katsina fili ne. Cikin gari in ka cire fitowa daga gadar ƙasa ta Ƙofar Ƙaura da ta Ƙofar Kwaya, waɗanda kafin ka ce mi ka haye, ba wani hawa da zai sa ka nemi giyar tsauni. Hanyar Daura ma, kilomita 80 ɗin nan ta Mashi da Shargalle, ɗan tashi ne da ɗan gangare marasa tsanani. Abin da ke danne mu iska ce. Daga wajen Nuwamba zuwa Fabrairu iskar hunturu daga arewa maso gabas take busowa, Daura kuma gabas take da Katsina, don haka duk wanda ya fita da safe ya nufi can da ita zai yi ta kokawa, sai a dawowa ta koma tana tura shi. Kuma iska bata ƙaruwa daidai da daidai. In kana gudun kilomita 25 ta taho maka da 15, jikinka 40 yake ji, nauyin da take ɗora maka kuwa ya ninka fiye da sau biyu da rabi, saboda turjiyar iska tana tafiya ne da gudun a ninka shi da kanshi. Tudu kana ganin ƙarshenshi ka daure, ita kuwa tun daga filin jirgi har Mashi tana nan a ƙirjinka, ga ƙura, ga leɓe na tsagewa.

A irin wannan ranar gudun mutum mai matsakaicin ƙarfi yana faɗowa wajen kilomita 18 zuwa 22. Sai mu duba ina wannan gudun yake a jikin keke. Kekunan gwanjo da ke shigo mana da yawansu 53 da 39 ne a gaba, tsofaffin ma 52 da 42, sababbi kuma 50 da 34 ko 52 da 36. Na yaron nan 53 da 39, a baya guda tara: 12, 13, 14, 15, 17, 19, 21, 23, 25. In ya tsaya kan 53, ko ya kai sarƙa kan 23 a baya, juyi 80 kilomita 23 yake nema, ga sarƙa ta karkace tana ƙara. Amma ya sauko kan 39 ɗin da yake rainawa: da 21 a baya kusan kilomita 19, da 19 kusan 21, da 17 kilomita 23, da 15 kuma in ya kai juyi 85 kusan 28. Kaga duk gudun da ɗan Katsina ke yi a rayuwarshi ta yau da kullum yana nan kwance kan ƙaramin farantin, sarƙa a miƙe a tsakiyar kaset, wato jerin ƙarafan nan masu haƙora na tayar baya, ba ƙara ba gogayya.

Shi yasa ni ban yarda da masu cewa duk wanda ya sayi keke mai 53 da 39 ya yi maza ya canza zuwa 50 da 34 ba. Ga mazaunin Jos ƙwarai kuwa. Ga mu nan, 39 faranti ne mai daɗin gaske. Shi 50 da 34 yana da wani ɗan aibi da ba a cika faɗa ba, gudun kilomita 25 ɗin nan da muka fi zama a kai yana faɗawa ne tsakanin farantan biyu, ko ka hau 50 da 21 sarƙa ta fara jirkicewa sama, ko ka sauko 34 da 14 ta jirkice ƙasa, kuma tazarar haƙora 16 ce tsakaninsu, in ka canza gaba dole ka bi da canji biyu ko uku a baya kafin ƙafarka ta dawo daidai. Ana sabawa, ni kaina shi ne a kekena yanzun saboda ina fita da shi wasu garuruwan, amma wanda Katsina da Daura ne iyakar yawonshi, kuɗin canza faranti gara ya sa su a taya mai kyau da hular kwano.

Shi kuma babban farantin da ƙaramin baya da samari ke alfahari da su, 53 da 11 yana bada sama da mita 10 a zagaye ɗaya, a juyi 90 kusan kilomita 55 a awa kenan. 50 da 11 ma ya haura 51. Wa ke wannan gudun a cikinmu in ba a gangare ba? An yi su ne don ƴan tseren da ke cinye Tour de France, babbar gasar tseren keke ta Faransa, gaba ɗaya a matsakaicin gudun da ya wuce kilomita 40 a awa, irin su Biniam Girmay ɗan Eritiriya da ya ɗauki koriyar riga ta wanda ya fi tara maki a 2024, waɗanda a mitocin ƙarshe suke haura 60. Don haka in mai sayarwa yana nuna maka ƙanƙantar na ƙarshen yana cewa wannan jirgi ne, kai ka duba tsakiya da kuma babban na baya, nan zaka zauna.

Maganar tsakiyar nan ita ce ta fi muhimmanci ga mai tafiyar fili, kuma ita aka fi mantawa. Ba yawan giya ba ne abin dubawa, tazarar da ke tsakaninsu ce. Ɗauki kaset mai guda takwas 11 zuwa 32: 11, 13, 15, 18, 21, 24, 28, 32. Kana kan 18 kana juyi 85, ka ji ta yi maka sauƙi kaɗan ka sauko 15, nan take ƙafarka ta faɗo 71, ta yi nauyi, ka koma 18 ta yi sauƙi, haka zaka wuni kana neman giyar da babu ita. Cikin iska wannan abin yana cin rai ba kaɗan ba. Amma mai 11 zuwa 28 shi ma guda takwas, 11, 13, 15, 17, 19, 21, 24, 28, daga 19 zuwa 17 juyi 76 zaka koma, ƙafa bata gigice ba. Kenan duk lokacin da ka ƙara girman na ƙarshe don tudu, da tsakiya ka biya. Masu giya 11 ko 12 a baya abin bai cika damunsu ba don suna da wurin cikewa, mu masu giyar kamfanin Shimano, Claris mai takwas da Sora mai tara, dole mu zaɓa. Kuma kar lambar nan ta giya 18 ko 22 ta ruɗe ka, da yawansu maimaici ne, 50 da 25 daidai yake da 34 da 17, duk biyun taya sau biyu take juyawa.

Toh in kuma hawa ne na gaske fa? Akwai masu saka keke a mota su tafi Filato, akwai ɗalibai da masu bautar ƙasa da ake turawa Jos ko Abuja, duk wanda ya taɓa bin Hawan Kibo ko a mota ne ya san ba irin ƙasarmu ba ce. A nan lissafin juyewa yake. A tudu ba iska ke riƙe ka ba, nauyinka ne da na keken. Hawa mai kashi 6 cikin 100, wato duk mita 100 ka tashi mita 6, mutum mai kilo 75 da keke mai kilo 10 in ba horo gare shi sosai ba wajen kilomita 10 a awa zai yi, mita 167 kenan a minti. Da 39 da 25, wadda ita ce mafi sauƙi a keken yaron nan, juyi 51 ne, kuma ba sauran inda zai gudu. Da 39 da 28 zai samu 57. Da 34 da 28 sai 65, da 34 da 32 kuma 75, a nan ne mutum zai iya zama kan sirdi ya yi ta murzawa rabin awa yana numfashi yadda ya kamata. 34 da 34 shi ne ɗaya da ɗaya, feda sau ɗaya taya sau ɗaya. In kana da jiki, ko shekaru sun fara ja, ko kana ɗaukar jaka, kar ka ji nauyin kowa ka nemi 32 ko 34. Kuma ka zaɓi giyarka mafi sauƙi da tunanin ranar da ka fi gajiya, ƙarshen tafiya, rana ta take, ruwan gora ya ƙare, ba da tunanin safiyar da ka fito da ƙarfinka ba. Su kansu ƙwararrun yanzu suna saka 30 ko 34 a baya a ranakun tsauni, kamar Alpe d'Huez a Faransa mai kusan kilomita 14 da kwana 21 da hawan kashi 8 cikin 100. Kafin 1937 ma ba a yarda da na'urar canza giya a Tour de France ba, in an zo gindin tsauni sauka mutum yake ya kwance tayar baya ya juya ta ɗaya gefen mai manyan haƙora, tun lokacin sun san ba a hawa da giyar fili.

Sai dai kafin ka tafi kasuwa ka sani ba kowane kaset ke shiga kowane keke ba, nan ne kuɗin mutane ke salwanta. Na farko ka gane ko naka firiwil ne mai ɗauri da zare irin na tsofaffin kekuna, ko kaset ne da ake zurawa kan cibiyar taya a kulle da zobe, basa musanya. Firiwil mai bakwai yawanci 14 zuwa 28 ake samu, kuma wallahi ga Katsina ya wadatar. Na biyu ƙarfen nan mai ƴan tayoyi biyu da ke tura sarƙa a baya, direla, akwai mai gajeren hannu akwai mai dogo. Mai gajere yawanci a 28 ko 30 yake tsayawa, tsofaffin ma basu kai nan ba, in ka tilasta mashi 32 zai riƙa goga haƙora, wata rana ya shige cikin wayoyin taya. Na ga wanda hakan ta faru da shi, direla ta murɗe, wayoyi huɗu suka tsinke, ƙugiyar da ke riƙe ta a jikin firam ta lanƙwashe, da ƙafa ya turo keken gida. Abu mai daɗi ga masu Shimano mai takwas ko tara shi ne direlar keken daji ta takwas ko tara, irin su Acera da Alivio, tana aiki da hannun giyar keken tsere, kuma ta fi sauƙin samu a gwanjo. Na uku in kaset ya girma sarƙa ma sai ta ƙara tsawo, in ba haka ba ranar da ka manta ka haɗa babba da babba zata ja komai ta karya. Na huɗu ba zaka cire 39 kawai ka ɗaura 34 a gurbinshi ba, ramukan ƙusoshin tsohon faranti suna kan da'irar milimita 130 ne, ƙasa da 38 bai zama a kai, shi 34 sai mai 110, wato sai an canza har hannun fedar gaba ɗaya.

Akwai wani dattijo mai gyaran keke da nake kai ma aiki, ya fi shekara 30 yana ɗaura wayoyin taya, ranar nan yana riƙe da wani kaset ya nuna mani na 12 da 13 sun yi tsini kamar ƙaya, sauran kuwa kamar ba a taɓa hawa ba. Yace yaro kaga duk haka suke kawo mani. Nace Baba ai haƙora kaɗan ne ke ɗaukar duk nauyin, yace ga kuma baƙin mai da suke zubawa ƙurar hunturu ta manne ta zama kamar dutsen wasa wuƙa. Gaskiyarshi. Mai zama a tsakiyar kaset ko ta wannan fannin ya ci riba, sarƙa na naɗe haƙora da yawa, nauyin ya rabu, kayan sun daɗe. A goge sarƙa da tsumma bayan kowace fita, a ɗiga mai mara kauri kaɗan a sake gogewa.

Yaron nan dai a ƙarshe ba abin da muka canza mashi sai waya ɗaya ta giyar gaba da ta yi tsatsa saboda rashin amfani. Washegari bayan Asuba muka fita tare, iska na kaɗawa sosai, nace mashi sauko 39 ka sa 19 a baya, ka bi ƙafata kar ka kalli gudu. Minti goma na farko yana ta tsalle kan sirdi yana cewa Yaya ji nake kamar iska nake takawa, nace ƙara ɗaya, ya koma 17, ya zauna daram. Muka wuce Kayauki bai ce komai game da gwiwa ba, muka ƙara gaba kaɗan muka sha ruwa muka juyo. A dawowa iska na bayanmu nace toh yanzu hau babban naka, ya ɗora 53 da 17, agogon kekena na nuna 33, ina jin shi a bayana yana ƙirga juyin ƙafarshi da ƙarfi har muka hango filin jirgi.